Babur ɗin da ke suma in ya ɗau zafi

Akwai wata aduwa a bakin hanyar da nake bi in na sauka daga kwaltar Gumel zuwa Maigatari na nausa cikin ƙauyuka. A watan Afrilun bara sau biyar ina zama a gindinta cikin mako biyu, ba kuma don sha'awar inuwarta ba, don wannan aduwar ba wata inuwar kirki gare ta ba. A daidai wurin babur ɗina yake suma. Zan taso daga gida lafiya lau, kiki ɗaya ya tashi, in yi tafiyar kusan rabin awa. Ina shiga rairayi, inji ya fara jin jiki, sai ya yi tari sau biyu, ya cije, ya mutu murus. In yi ta buga kiki har cinyata ta ƙage, ko gezau. In jingine shi in zauna ina fifita da hula. Bayan minti talatin ko arba'in in taka sau ɗaya, sai ga shi ya kama kamar ba shi ba. Har wani yaro Bafulatani da ke kiwo a wurin ya saba da ni. A zuwa na huɗu ya ce, "Baffa, ko dai wurin nan ne ba ya so?" Na yi dariya, amma ni ma a raina na fara zargin aduwar.

Babur ɗin Yamaha DT 125 ne, na hannu, na saye shi wurin wani da ya shigo da shi daga ɓangaren Damagaram, inda irinsa suka fi yawa. Ya haura shekara ashirin a duniya. Injin bugu-biyu ne, mai shan man tu-ti yana hayaƙi, kuma fetur yake zuƙa ba tausayi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba a mako guda wani bai ce mini in rabu da shi in sayi ɗan ƙaramin da kowa ke hawa ba. Masu faɗin haka ba su taɓa bin riɗi da zoɓorodo a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa ba. Tayar gaba inci 21 ce, ga tsawo, ga rashin nauyi. Rairayin da zai sa mai ƙaramin babur ya sauko yana turawa, DT shawagi yake a kansa. Ni da shi sai dai gyara.

Gyaran ne ya so ya gagara. Bakaniken farko ya ce filogi ne, aka sa sabo. Na biyu ya ce kafireto ne, ya kwance ya wanke ya hura da baki, ya karɓi kuɗinsa. Na uku ya canza kan filogi da kwayil ɗin da ke ƙarƙashin tanki. Dukkansu da gaskiyarsu ta wani fanni: a gabansu babur ɗin yana tashi, in ba su kuɗi ina godiya, sai na kai gindin aduwa in gane an gudu ba a tsira ba. Ba wanda ya taɓa ganin ciwon da idonsa, domin kullum a sanyaye nake kai musu shi.

Na huɗu shi ya fi yi mini illa. Ya ce si-di-ai ce ta mutu, wato ɗan baƙin akwatin nan da ke sarrafa wuta. Ba shi da ta DT, sai ya ɗauko irin ta baburan China da ke cike da kasuwa, marar ko suna a jiki, ya yanyanke wayoyina ya murɗa su da nata ya naɗe da salatif. Babur ya tashi kuwa. Amma daga ranar in na ja totur sai in riƙa jin wata ƙara a cikin tof, wato kan inji, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ga zafi yana dukan ƙwaurina fiye da da. Kuma ya sake mutuwa a inda ya saba.

Ƙanena ne, wanda ya yi makarantar koyon sana'a yana gyaran wutar gidaje, ya ce, "Yaya, kuɗin da kake zubarwa ya isa haka. Mu je wurin tsohon nan na bayan tasha." Dattijo ne da ya yi zamani da irin waɗannan babura tun lokacin da malaman gona da ma'aikatan rigakafi ke yawo da su. Yanzu ido ya yi rauni, yaransa ke yawancin aikin, shi yana kan benci. Na zayyana masa komai, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗana, in ya mutu, a hankali yake mutuwa kamar mai ya ƙare, ko farat ɗaya kamar an murɗa makulli?" Na ce farat ɗaya, Baba. Ya ce, "To ba mai ba ne, wuta ce. Kuma a sanyaye ba abin da zan gani. Hau ka je ka yi ta zagaye har ya kusa suma, ka kawo mini shi da zafinsa."

Kafin in tafi ya sa aka cire filogi aka jingina shi da tof aka buga kiki. Wuta ta fito shuɗiya. Na ce ai ga ta nan lafiya. Ya girgiza kai. Tazarar bakin filogi ba ta kai ko milimita ɗaya ba, tsakanin 0.7 ne da 0.8, kuma a sarari ko raunanniyar wuta tana iya tsallake wannan. A cikin inji, inda fistin ya matse iska da mai, sai mai ƙarfi. Ya cire kan filogin, ya riƙe tsurar wayar da busasshen katako nesa kaɗan da ƙarfen inji. Ƙanena ya ce littafin gyaran ma haka ya ce, lafiyayyar wuta ta tsallake milimita 6. Ta tsallake, da ƙara tas-tas. Baba ya kuma ja kunnen yaronsa kada ya kuskura ya buga kiki waya tana reto ba inda wutar za ta sauka, don in ta rasa hanya a cikin kwayil take komawa ta yi ɓarna.

Na yi ta kai da komo a rairayin bayan gari a giya ta biyu, rana ta take, mutane na kallona kamar wanda ya zautu. Allah ya taimake ni ya mutu ba nisa da garejin, muka turo shi a guje. Aka sake gwajin nan: babu wuta ko ƙyas. Baba ya sa aka zare waya baƙa mai ratsin fari, wadda ke zuwa makulli da makashin da ke kan hannu. Aikinta ta zubar da wuta a jikin ƙarfe in kana son kashe inji, don haka in makulli ya lalace shi kaɗai yana iya hana babur tashi. An zare ta, ba abin da ya sauya. Makulli ya fita daga zargi.

A nan ne ya zana mana abin a ƙasa da tsinke, kuma tun da nake hawa babur ban taɓa fahimtarsa ba sai ranar. Wutar filogin DT ba daga batir take zuwa ba. A bayan murfin hagu akwai maganeto, ƙarfe mai nauyi da maganaɗisu a cikinsa, yana juyawa tare da karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa. A ƙarƙashinsa akwai faranti mai ɗauke da kwayil-kwayil: ɗaya na fitilu, ɗaya mai haifar da wutar da ke cika kwandensa a cikin si-di-ai, sai wani ɗan mitsitsi da ke ba da sanarwa cewa fistin ya kusa kaiwa sama. Da sanarwar ta iso sai si-di-ai ta juye abin da ta tara gaba ɗaya cikin kwayil ɗin ƙarƙashin tanki, shi kuma ya ninka shi zuwa dubban bolt ya aika wa filogi. A injin bugu-biyu wannan yana faruwa ne a kowane juyi ɗaya na karanshaf. Makanikai huɗu sun canza duk abin da hannu ke kaiwa daga waje, ba wanda ya leƙa inda wutar take tasowa.

Ƙanena ya zare soket ɗin wayoyin da suka fito daga maganeto ya dasa mitarsa a kan wayar kwayil mai caji, inji yana ƙuna. Mita ta nuna babu hanya kwata-kwata, kamar an datse waya da almakashi. Muka bar ta a dashe muna kallo. Can bayan kamar minti ashirin sai lambobi suka fara tsalle, suka ɓace, suka dawo, daga ƙarshe suka tsaya cak a kan ɗaruruwan om, yadda lafiyayyen kwayil yake nunawa. Zaman da nake yi a gindin aduwa ke nan, ga shi a fuskar mita. Wayar da ke cikin kwayil ɗin jan ƙarfe ce siririya kamar gashi, an naɗa ta sau dubbai. Ta tsinke a wani wuri amma bakunan suna taɓa juna. In zafi ya buɗa kwayil sai su rabu, in ya huce su koma su haɗu.

Washegari da sassafe muka buɗe. Notin tsakiya sai an riƙe maganeto kafin ya kwance, Baba yana da wani ƙarfe mai yatsu biyu da mai walda ya haɗa masa don wannan aikin kaɗai. Bayan noti da washa sun fita, maganeton yana nan daram kamar an haife shi a wurin, saboda a kan tsinin karanshaf yake zaune, ya cije. Wani yaro ya miƙo guduma, Baba ya daka masa tsawar da har mai shayin da ke gefe ya waiwayo. Duka yana raunana maganaɗisu, yana kashe boris, yana iya lanƙwasa bakin karanshaf, kuma daga nan gyaran wuta ya zama gyaran inji. Ya ɗauko fula, wato ƙarfen zaro maganeto, daga cikin wani tsohon gwangwanin madara, mai faɗin milimita 27. Na karɓa ina ta murɗawa dama taƙi shiga. "Hagu, ɗana. Zarenta na hagu ne." Na juya hagu ta shige sumul. Aka ɗaure kusar tsakiyarta a hankali, a hankali, sai ji muka yi ɓas! Maganeto ya saki.

Abin da muka tarar ya ba ni kunya. Murfin ba gaskit, robar da wayoyi ke bi su fita ta yage, ruwan damina da ƙurar hunturu sun shekara suna shiga. Cikin maganeton duk tsatsa. Kwayil ɗin fitila na asali ne, yana nan da kyansa. Mai cajin kuwa kallo ɗaya za ka san ba na kamfani ba ne: wani ya taɓa sake naɗa shi da hannu tun kafin babur ɗin ya zo hannuna, ya ɗaure da zaren ɗinki ya shafe da gam, gefe guda ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna. Baba ya ce akwai masu naɗi na ƙwarai, in an samu wanda ya san kaurin waya da adadin zagaye aikinsa yana daɗewa. Wannan dai ba ya cikinsu.

Da si-di-ai ɗita ta asali tana nan, da kwayil ɗaya zan saya a wuce wurin, don ashe lafiyarta ƙalau. Na koma wurin bakanike na huɗu in karɓo ta, ya dafa kai ya ce yara sun share shago. Ban ja da shi ba, na san inda irin wannan sharar take zuwa. Ita kuwa wadda ya sa mini, Baba ya ce ko kyauta aka ba ni kada in bar ta a jiki. Ta injin bugu-huɗu ce, an gina ta ne ta riƙa gaggauta wuta in inji ya ɗau gudu. Bugu-biyu kuma in ya kai ƙarshen gudunsa so yake a ɗan jinkirta masa. Ƙarar tsakuwar nan da nake ji, mai ne ke fashewa kafin lokacinsa yana dukan kan fistin. Ya haska tocila ta ramin filogi ya nuna mini: tsakiyar fistin ya fara yin fari-fari da ƙananan ramuka kamar zanzana. Ya ce da na ƙara mako biyu a haka da ya huje.

Sai Kano. Na saka tsohon farantin a leda, na ɗauki hoton lambobin da ke jikin maganeto a waya, ƙanena ya rataya mitarsa. DT iri-iri ne, tsofaffin ma masu foyin ne, wato tsohon tsarin wuta, ba si-di-ai, kuma faranti in ba na maganetonka ba ne ko ya zauna ba zai yi aiki daidai ba. Mun sha yawo a shagunan kayan babur na Fagge da Sabon Gari, mafi yawa da sun ga abin da ke cikin ledar sai su ce a gwada gaba. Wajen azahar muka dace da wani mai kayan hannu da ke da faranti cikakke da si-di-ai ɗinsa, an ciro su tare daga babur ɗaya. Muka jera shi da nawa, ramukan kusa suka yi daidai, launin wayoyi ɗaya. Ƙanena ya auna kowane kwayil a gaban mai shagon, har ya roƙi a shanya farantin a kan rufin kwano na ɗan lokaci ya sake aunawa da ɗuminsa. Mai shagon ya ce shi bai taɓa ganin masu saye irinmu ba. Kuɗin ya kusa na tunkiya. Na haɗa da sabon filogi NGK, da gaskit, da oyil-sil na ɓangaren maganeto, don Baba ya ce tunda an buɗe a canza shi: in ya tsufa iska yake zuƙa ta nan, mai ya yi ƙaranci a cikin inji, zafi ya ƙaru.

Haɗawa ba ta da wuya in an bi ta a sannu. Kusoshin farantin kansu laushi gare shi, da sukudireba irin wanda ake bugawa da guduma aka kwance su don kada su cinye. Muka goge tsatsar maganeto da samfefa mai laushi, muka share duk ɓurɓushin ƙarfen da maganaɗisu ya kama. Wayoyin da aka murɗa da hannu ƙanena ya warware su duka ya liƙe da dalma, kowace da 'yar'uwarta: ruwan lemo zuwa kwayil ɗin tanki, baƙa mai ratsin fari zuwa makulli, fara mai ratsin ja daga ɗan kwayil mai sanarwa, baƙa zalla zuwa jikin firam. Wurin da baƙar ke zama da ƙafar kwayil ɗin tanki ya kankare su har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ce rabin baburan da ake cewa ba sa kawo wuta tsatsar wannan wurin ce kawai.

Ni kuma a nan na tafka tawa. Ramukan kusar farantin dogaye ne, an yi su haka don a iya juya shi kaɗan a saita taimin, wato lokacin da wuta ke tashi. Kafin mu cire tsohon na yi dabara na karce shi da bakin wuƙa tare da jikin inji don in gane mazauninsa, ina ta jin kaina gwani. Sai da na ɗauko sabon na tuna kartar tana jikin wanda za a yar. Baba ya tafi gaisuwar rasuwa a unguwarsu, ni kuma ina ɗokin jin kukan inji. Na kimanta da ido na ɗaure, na mayar da maganeto, na taka kiki da ƙarfina. Kikin ya dawo ya maka mini a tafin ƙafa, silifa ya yi sama, zafin ya tafi har ƙugu. Na zauna a ƙasa ina salati, yaran gareji sun juya baya kafaɗunsu na rawa.

Da Baba ya dawo ya ga ina ɗingishi bai tambayi komai ba, ya ce a miƙo fula. Aka sake cirewa. Ya lalubo da farcensa wani ɗan layi da kamfani ya buga a gefen farantin, da wani a jikin inji wanda datti ya rufe. Nawa ya gota da kusan kaurin ashana biyu, ta ɓangaren da faranti ke tarar maganeto. In ka juya shi ya tari maganeto wuta ta yi gaggawa, ta tashi fistin bai gama hawa ba ta kora shi baya, abin da ƙafata ta shaida ke nan. In ka juya shi ya bi maganeto wuta ta makara, inji ya yi nauyi. Ya daidaita layukan biyu ya ɗaure. Sannan ya duba ɗan ki ɗin nan mai siffar rabin wata da ke zaune a tsinin karanshaf, ko dukan da kiki ya yi ya tauna shi. Bai taɓu ba. Ya wanke tsinin da ramin maganeto da fetur ya bari suka bushe ƙayau, ya hana a shafa ko ɗigon mai. Ya ce ki jagora ne kawai, yana nuna wa maganeto mazauninsa. Abin da ke riƙe shi cizon ƙarfe da ƙarfe ne da ɗaurin noti, in noti ya yi sako-sako ki ɗin yankewa yake taimin ya gudu.

Ƙanena ne ya taka a wannan karon, ni ƙafa ta hana. Bugu na biyu ya kama, hayaƙi ya turnuƙe garejin. Baba ya kara kunne, ya sa a ja totur a saki sau uku, ya ce tsakuwar ta tafi. Aka bar shi ya yi zafi sosai aka sake gwajin milimita 6, wuta ta tsallake da zafinta kamar yadda ta yi a sanyaye. Aka sa gaskit, aka toshe hanyar wayoyi da sabuwar roba, aka rufe. Da na tambaye shi kuɗin aiki ya ce in ba yara na shayi, shi kuma in kawo masa zoɓorodo mai kyau in kaka ta yi. Si-di-ai ɗin China ƙanena ya ɗauka, ta hau nasa babur ɗin daidai.

Kwana uku bayan haka, ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, ƙafa ta lafa na kama hanya. Da na iso aduwar na tsaya da kaina na murɗa makulli. Yaron nan ya taho a guje da sandarsa. "Baffa, ya sake?" Na ce a'a, yau ni na kashe shi. Na naɗe hannu da tsumma na kwance filogi: bakinsa ruwan ƙasa, kalar shayi da madara, ba fari ba, ba jiƙaƙƙen baƙi ba. Na mayar, inji yana ƙuna, na taka sau ɗaya ya tashi. Na isa ƙauyen da nake nufi kafin hantsi ya dubi ludayi, na tarar riɗin da na yi mako uku ina bi, buhu goma sha ɗaya, mai shi ya gaji da jirana ya sayar wa wani ɗan Maigatari tun ranar Litinin.